Idan Zoben Haske Ya Tsinke

Duk wanda ya taɓa ba da saƙo a kai wa wani ya san cewa hasarar da take iya samun saƙo iri biyu ce, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne: ko dai ɗan aike ya tarar hanya ta yanke ya komo da abin da aka ba shi, ko kuwa ya ratse ta wata hanya, ya isa gidan da ba shi aka nufa ba, ya miƙa amana ga wanda ba shi da hakki a cikinta, shi kuma ya karɓa hannu biyu yana zaton tasa ce. Ta farko jinkiri ce, mai ita kuma ya san halin da yake ciki. Ta biyu kuwa ɓarna ce mai shigowa da rigar lafiya, domin mai aikawa yana ganin saƙonsa ya tafi, mai karɓa yana ganin saƙo ya zo, babu mai yin kuka balle a kawo ɗauki. Wannan mas'ala, wadda ta girmi tarho da wayar tangaraho, ita ce ta sake tasowa gaban injiniyoyin sadarwa sa'ad da suka ƙulla zaren gilashi mai ɗaukar haske ya zama zobe, suka kuma koya masa yadda zai ɗinke kansa idan ya tsinke.

Asalin tsarin daga Amurka yake, inda cibiyar bincike ta Bellcore ta gabatar da shi a tsakiyar shekarun 1980 da sunan SONET. A shekarar 1988 kuma hukumar ƙasa da ƙasa mai tsara ƙa'idojin waya, wadda a lokacin ake kira CCITT, daga baya ta zama ITU-T, ta fitar da takwaransa mai suna SDH, wanda Turai da Afirka da galibin duniya suka bi. Abin da ya wajaba mai karatu ya riƙe daga wannan tsari abu guda ne, amma shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya. Kowace tasha tana sakin ƙunshin bayanai sau 8000 a cikin sakan ɗaya, kamar ayarin da ba ya fashi ba ya makara, kuma kowane ƙunshi an yanka shi gurbi gurbi. A ma'aunin da ake kira STM-16, wanda gudunsa ya kusa gigabit biyu da rabi a sakan, manyan gurabe 16 ne. Gurbi ɗaya kuwa yana iya ɗaukar ƙananan layuka 63, kowane layi da maganganun tarho 30, watau maganganu 1890 ke nan a lokaci guda. Tashoshin kan hanya ba sa karanta adireshi a jikin kayan, don ba da shi suke aiki ba. Gurbin da kaya yake zaune a ciki shi ne adireshinsa, kamar yadda fatake kan ce wa direba buhu na uku daga gaba na wane ne, a sauke masa a gari kaza. Matuƙar jeri bai rikice ba kowa zai sami nasa, ranar da ya rikice kuwa buhun ba shi da bakin da zai ce shi ba na nan ba ne.

Hikimar zobe a sarari take, domin tsakanin kowace tasha biyu da ke kan da'ira akwai hanya biyu, ta dama da ta hagu, in ɗaya ta yanke ɗaya tana nan. Sai dai masana sun rabu mazhaba biyu game da yadda za a ci moriyar hanya ta biyun. Mazhabar farko, wadda Amurkawa ke kira UPSR, mutanen SDH kuma SNCP, ta ce a aika kowane saƙo ta fuska biyu tun daga farko, mai karɓa ya dubi wanda ya fi lafiya ya ɗauka. Wannan hanya ba ta bukatar shawara tsakanin tashoshi, kuma irin ɓatan kan da muke magana a kai ba ya samunta, saboda kowane saƙo ya mallaki gurbinsa a duk kewayen zoben, babu mai tarayya da shi. Illarta kawai almubazzaranci, tunda saƙon da zai tafi tsakanin maƙwabta biyu ma sai ya cinye gurbi a da'irar duka. Mazhaba ta biyu, BLSR a Amurka, MS-SPRing a ƙa'idar G.841 ta ITU-T, mazhabar masu tattali ce. Ta raba guraben kowane zare gida biyu, 1 zuwa 8 na aiki, 9 zuwa 16 na ko-ta-kwana, kuma waɗannan na ko-ta-kwana hannun jari ne na kowa, duk wanda masifa ta faɗa wa shi zai ci. Sa'an nan ta halatta cewa gurbin da aka sauke kayansa a wata tasha a sake loda masa wani kaya daga nan zuwa gaba. A wannan tattalin ne ribar take, a cikinsa kuma hatsarin yake kwance.

Bari mu ƙaddara zobe mai tasha shida, mu sa musu suna yadda malaman lissafi na da suke yi: Alif, Ba, Jim, Dal, Ha, Waw, daga Waw kuma a komo Alif. Akwai saƙo tsakanin Alif da Jim a gurbi na 3, yana ratsawa ta Ba. Sai ga mai haƙar kwalbati ya sa katafila ta datse zaren tsakanin Ba da Jim. Nan take haske ya ɗauke wa tashoshin biyu, kowacce kuma ta fara kiran 'yar'uwarta ta doguwar hanya, da wasu bayit biyu da aka keɓe a kan kowane ƙunshi, K1 da K2. A cikin K1 akwai irin buƙatar da lambar tashar da ake kira. A cikin K2 akwai lambar mai kiran, da alamar ko kiran ya biyo gajeriyar hanya ko doguwa, da halin da mai kiran yake ciki. Wurin rubuta lambar tasha bit huɗu ne kacal, shi ya sa irin wannan zobe ba ya wuce tasha 16, ƙayyadewar da ta samo asali daga ƙarancin wuri a kan takarda, in ana iya kiransa takarda. Ba a kuma karɓar magana sai an ji ta sau uku a jere ba tare da canji ba, don kada ƙurar hanya ta juya harafi ɗaya a ɗauki ƙarya a matsayin hukunci. Tashoshin tsakiya, da suka ga kiran ba nasu ba ne, sai su buɗe gurabensu na ko-ta-kwana su bar shi ya wuce. Daga nan Ba ta kwashe kayan gurbi na 3 ta zuba a na 11, ta juya shi baya, ya bi ta Alif da Waw da Ha da Dal har ya isa Jim ta ƙofar baya, Jim kuma ta ɗauke shi daga na 11 ta mai da shi mazauninsa, kamar babu abin da ya faru.

Wa'adin da aka yanka wa wannan aiki duka milisakan 50 ne bayan an gano cutar, watau kashi ɗaya cikin 20 na sakan, bisa sharaɗin cewa kewayen zoben bai kai kilomita 1200 ba kuma guraben ko-ta-kwana babu kowa a cikinsu. Haske a cikin gilashi yana cin kimanin kilomita 200 a milisakan ɗaya, saboda haka zagaye irin wannan yana ɗaukar milisakan 6, sauran lokacin kuma na shawara ne da juya makunnai. An daɗe ana jayayya ko hamsin ɗin nan lalura ce ko kuwa al'ada ce da aka gada daga na'urorin tarho na da, masu saurin yanke magana in layi ya ɗan ɗauke. Ni dai abin da na lura shi ne, ko ma mene ne asalinta, ta zama sikelin da ake auna duk wata fasaha da ta zo daga baya, har mai sayar da sabuwar na'ura ba ya samun shiga sai ya rantse cewa tasa ma tana cika hamsin.

To, yanzu ga inda gizo ke saƙar. Mu ƙara saƙo na biyu a wancan zobe, tsakanin Jim da Ha, yana ratsawa ta Dal, shi ma a gurbi na 3, tunda gurbin ya zama fanko daga Jim zuwa gaba, kuma mazhabar tattali ta halatta. Sa'an nan mu ƙaddara cewa wannan karon zare lafiya lau yake, Jim ce da kanta ta mutu, ko don wuta ta ɗauke batura suka ƙare, ko don gobara, ko kuwa an datse zaren ta gabanta da ta bayanta a lokaci guda ta zama tsibiri. Abin da Ba take gani daidai yake da abin da ta gani ɗazu, haske ya ɗauke daga wajen Jim. Haka Dal take gani daga nata ɓangaren. Idan kowaccensu ta yi aiki da zahiri, tashar Ba za ta juya kayan Alif zuwa gurbi na 11 ta tura shi ya zagaya, Dal kuma, da take jiran kayan Jim su ɓullo ta doguwar hanya a wannan gurbi na 11 ɗin, za ta karɓi abin da ya zo ta mai da shi gurbi na 3 ta miƙa wa Ha. Ha ta karɓi kayan Alif a matsayin na Jim, Alif ma ta karɓi kayan Ha a matsayin na Jim, an ɗaura aure tsakanin mutum biyu da ba su taɓa neman juna ba, alhali kowace na'ura ta bi ƙa'idarta sau da ƙafa, fitilun ƙararrawa na Alif da Ha kuma shiru, domin haske yana zuwa da ƙarfinsa, lissafin kurakurai kuma bai nuna komai ba. In layin na banki ne, bayanansa sun faɗa hannun wani kamfani; in na musayar tarho ne, sai mutum ya tsinci kansa cikin zancen wasu baƙi. Wanda ya tuna cewa gurbi ɗaya yana iya ɗaukar maganganu 1890 zai gane girman abin.

Maganin da aka samo, wanda za mu kira toshe baki, yana tsaye ne a kan rukuni biyu na ilimi da aka ajiye wa kowace tasha tun kafin masifa. Na farko taswirar zobe, watau jerin lambobin tashoshi bi da bi. Na biyu jadawali wanda ya faɗa, game da kowane gurbi da ke ratsa tashar, a wace tasha kayansa ya shiga zoben, a wace tasha kuma zai fita. Da waɗannan biyu sai tasha ta yi istinbaɗi irin na mai hankali. Tashar Ba ta kira Jim ta doguwar hanya; da zare ne kawai ya tsinke, da amsar da za ta zo mata daga Jim za ta fito, da sunan Ba a kanta. Amma abin da ya iso shi ne kira daga Dal, yana neman Jim. Daga wannan ta fahimci cewa ita da Dal suna kuka ne a kan gawa ɗaya, ta duba taswira ta ga wanda ke tsakaninta da Dal, ta tabbata Jim ta fita daga zoben. Sai ta buɗe jadawali, duk gurbin da kayansa daga Jim ya taso ko a Jim zai sauka ta zubar da abin da ke ciki, ta cika shi da alamar da ake kira AIS, wadda ba komai ba ce face lamba ɗaya jere da juna babu sifiri ko guda. Duk na'urar da ta ga wannan alama ta san an yanke ta daga sama, sai ta sanar da masu ita, ba ta miƙa wa kowa komai. Kuma tartibin aikin sharaɗi ne na inganci, kamar alwala kafin salla: a toshe tukuna, sa'an nan a juya kaya, domin in an juya kafin a toshe, ko da na ƙiftawar ido ne, ɓarnar ta riga ta auku.

Abin da ya fi burge ni a wannan hukunci shi ne bai yi wa kowa kuɗin goro ba. Saƙon da yake ratsa Jim kawai, misali na Alif zuwa Ha a gurbi na 5, ba a taɓa shi, domin jadawali ya nuna mafarinsa da maƙurarsa duk suna raye. Tashar Ba ta juya shi, Dal ta karɓa, ya isa Ha lafiya. Wanda aka toshe shi ne wanda dama babu ceto gare shi, tunda mai shi ya mutu, abin da ya rage kawai a hana gadonsa faɗawa hannun wanda ba magaji ba. Malaman usulu sun gabatar da tunkuɗe ɓarna a kan jawo amfani, injiniyoyin nan kuwa, ba tare da sun zauna gaban malami ba, sun isa ga hukunci mai kama da wannan, har suka yi sa'a cewa a nan tunkuɗe ɓarnar bai ci musu wani amfani na haƙiƙa ba.

Akwai wata ƙofa ta biyu da ɓatan kai yake shigowa ta cikinta. Rabin zobe da ke zaune babu aiki yana sosa ran kowane ɗan kasuwa, saboda haka ƙa'ida ta yarda a loda wa guraben ko-ta-kwana kayan alfarma, a farashi mai sauƙi, bisa yarjejeniyar cewa ranar da masu wuri suka zo za a sauke shi ba sallama. Wannan kaya ma sai an fitar da shi, an toshe bakin masu karɓarsa, kafin kayan aiki ya shigo gurbin. In ba haka ba mai jiran kayan alfarma zai wayi gari da kayan wani a hannunsa. Shi ya sa aka sa rashin irin wannan kaya cikin sharuɗɗan wa'adin hamsin.

Sai dai fa duk wannan gini yana tsaye ne a kan gaskiyar jadawali, jadawali kuwa aikin ɗan Adam ne ko aikin manhajar da ɗan Adam ya saita. Zobe ba ya zama yadda aka gina shi: ana ƙara tasha, ana cire wata, ana ɗauke saƙo daga wannan gurbi zuwa wancan, kuma kowane canji yana wajabta a sabunta taswira da jadawali a tashoshin da abin ya shafa. In aka ba tasha biyu lamba ɗaya, ko aka bar tsohon suna a jadawali bayan saƙo ya sauya masauki, babu abin da zai nuna a ranar, domin jadawalin toshe baki ba a buɗe shi sai ranar mutuwa; kuskuren yana iya kwana shekara yana barci, sa'an nan ya farka a daren da aka fi bukatar gaskiyarsa, ko ya toshe saƙo mai rai ko ya saki wanda ya kamata a toshe. Saboda wannan ne masu ƙera na'urori da yawa suka sa tashoshi su riƙa gaya wa juna lambobinsu suna gina taswirar da kansu, aka kuma tanadi umarnin gwaji wanda yake motsa K1 da K2 ba tare da an taɓa kaya ba. Akwai kuma shaida na biyu, wani bayit mai suna J1 da ke tafiya tare da kayan daga mafari zuwa maƙura, wanda mai aikawa yake rubuta sunansa a ciki harafi harafi, mai karɓa kuma ya gwada da sunan da aka ce masa ya jira, in sun saɓa ya ɗaga ƙararrawa. Shaida ne adali, amma yana da aibi biyu: sai ya tara ƙunshi masu yawa kafin ya gama karanta suna, don haka ba ya riga ɓarna isa, yana tona ta ne bayan ta fara, kuma ba ya aiki sai in wani ya ɗauki wahalar rubuta sunan tun farko, aikin da mai gaggawa yake yawan cewa sai gobe.

Da aka kai zobe cikin teku sai aka ga cewa juya kaya a bakin rauni ba ya yiwuwa a can. Igiyoyin TAT-12 da TAT-13, waɗanda suka haɗa Amurka da Ingila da Faransa a matsayin zobe ɗaya a 1996, kowane ƙetare nasu kimanin kilomita 6000 ne, tafiyar milisakan 30 ga haske. In tashoshin da ke maƙwabtaka da rauni ne za su juya kaya, akwai halin da saƙo zai ƙetare Atlantika sau uku kafin ya isa, mai magana kuma zai ji jinkirin a kunnensa. Don haka aka yi wa G.841 rataye na musamman domin zoben teku, inda tashar da kaya ya shiga da wadda zai fita su ne suke sauya masa hanya da kansu, aka kuma sassauta wa'adi zuwa milisakan 300. Wata fa'ida ta biyo baya a kyauta, domin mai kaya ya san abokin hulɗarsa, in ya ga taswira ta nuna abokin ya mutu sai ya ƙi aikawa, babu wani ɗan tsakiya da zai juya kaya bisa zato.

Game da iyakar abin da zobe yake iyawa, magana gajeriya ce: alkawarinsa na rauni ɗaya ne. In hanyar dama da ta hagu sun kwanta a rami ɗaya, ko sun bi ta gada ɗaya, to zoben a kan takarda kawai yake. Mutanen Afirka ta Yamma sun ɗanɗana irin wannan a ranar 14 ga Maris 2024, sa'ad da igiyoyin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kwaddebuwa a rana ɗaya, intanet ta yi rauni a Najeriya da Ghana da maƙwabtansu. Ba zobe ɗaya suke ba, amma da yawa daga masu dogaro da ɗaya sun ajiye ɗaya a matsayin ko-ta-kwana, alhali duka huɗun yanki ɗaya na ƙasan teku suke ratsawa. A yau kuma SDH tana ja da baya, Ethernet tana karɓar wurinta, da nata tsarin zobe na G.8032 da ya fito a 2008. A can kowane ƙunshi yana ɗauke da adireshinsa, abin tsoro kuwa shi ne kaya ya yi ta zagaya da'ira ba tsayawa, shi ya sa ake toshe mahaɗa ɗaya da gangan a lokacin lafiya, a buɗe ta ranar da wata ta yanke.

Saura komowa gida. Idan masu gyara sun ɗinke zare, ko wuta ta dawo wa Jim, haske ya sake bayyana, tashoshi ba sa gaggawar gaskata shi, domin zaren da ake kan ɗinkewa yana iya kawowa ya ɗauke sau da yawa, kuma kowace komowa wata girgiza ce ga kaya. Sai su shiga jira, wanda galibi ake saitawa tsakanin minti 5 da 12, kayan yana ci gaba da bin doguwar hanya, in haske ya sake ɗaukewa a tsakani a fara ƙirga daga farko. Bayan wa'adin ya cika sai tashoshin da ke maƙwabtaka da raunin su yi musayar K1 da K2, su saki juyin da suka yi, kaya ya koma gurabensa na 1 zuwa 8, tashoshin tsakiya su rufe ƙofofin da suka buɗe, sa'an nan a ƙarshe, in komai ya lafa, a ba kayan alfarma izini ya sake hawa.